Mai Diya Ta Koma Mai Diyya

A wajenmu, in yaro ya ga yarinya a Bungudu ya ce yana so, kafin a kai kuɗin gaisuwa sai an kafa kwamitin bincike wanda ko hukumar EFCC ba ta da irinsa. Baffa zai yi sammako ya hau mota, ya je ya zauna a majalisar unguwar kamar mai jiran wani, ya bi ta bayan fage ya ji wane ne kakanta, me ya kawo su garin, akwai taɓin hankali a zuri'ar ko babu, uwar tana da faɗa ko mai haƙuri ce. Gwaggo kuma ta faɗa gidan da sunan ta yi ɓatan kai, ta roƙi ruwan sha, alhali kofin take son gani ko a wanke yake. Duk wannan a kan yarinyar da daga Gusau zuwa ƙofar gidansu ko tuwo ba zai huce ba.

Haka muke a kan komai. Mutumin da zai sayi ragon layya a karar Tsafe sai ya buɗe masa baki ya ƙirga haƙora, ya matsa ƙirji, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, sannan ya ce bai taya ba. Amma bari hoton wata mai jan gashi ya faɗo wayar wannan mutumin da ƙarfe biyun dare, ta rubuto masa "mai diya", wato "my dear". Shi ke nan, an rushe kwamiti, an sallami Baffa, Gwaggo ta koma gida. Kakanninmu sun ce ba a cinikin biri a sama, mu kuwa yanzu har sadakinsa muke biya yana can bisa reshe.

Abin ya samo tushe ne, in ka tambaye ni, daga bikin nan na Panshekara a Kano, a Disambar 2020, lokacin da wani matashi ya auri Ba'amurkiyar da suka haɗu a Instagram. Tun daga ranar kowane saurayi mai wayar shafa ya ɗauka tasa Baturiyar tana hanya, cunkoson Legas ne ya tsai da ita. Abin da samarin suka manta shi ne, waccan ta hau jirgi da ƙafarta ta zo, ta gaida surukai, aka gan ta da rana tsaka, aka ɗaura aure gaban shaidu. Ba a ɗaura da hoto ba.

Ɗan ƙanwata, mai cajin waya da sayar da kati a Tudun Wada, yana cikin waɗanda wannan iska ta kaɗa. Wata rana ya same ni bayan la'asar, yana murmushi kamar wanda aka biya wa Makka.

"Kawu, addu'a za ka sa muna. Na samu mata."

"Masha Allah, ɗana. 'Yar gidan wa?"

"'Yar Kalifoniya ta."

Na ce to, a wace shiyya Kalifoniya take, ta wajen Damba ko ta Gada Biyu? Ya miƙo mini waya. Ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya mutu ya bar mata gida da motoci uku, ba ta da ɗa ba ta da jika, kuma duk faɗin duniya, da Ingila da Faransa da Jamus, ba ta ga namijin da ya kwanta mata a rai ba sai mai cajin waya na Tudun Wada. Babban abin kuma, wanda ya kashe bakin uwarsa, shi ne wai tana son ta musulunta a hannunsa. Ga lada ga biza. Wa zai yi gardama da mai aikin Allah?

Na tambaye shi ko sun taɓa yin kiran bidiyo. Ya ce kyamararta ta lalace. Wata huɗu kyamara na lalace a Amurka, alhali a Gusau yaro ɗan shekara goma sha biyar zai gyara maka ita kafin ka shanye kunun aya.

"Kawu, kai ba ka gane ba. Wagga daban ta. Kunya gare ta."

Sai aka shiga babin kaya. Ta aiko masa da akwati: iPhone, kwamfutar cinya, zoben alkawari, da dala a cikin ambulan. Har hoton akwatin ya nuna mini, da sunansa rubuce a jiki. Kwana uku sai ga kira daga wani da ya ce shi babban jami'in kwastan ne a Legas, kaya sun iso, amma sai an biya kuɗin fito. Aka tura. Washegari na'ura ta hango dala a ciki, laifi ne babba, sai an biya tara. Aka tura. Jibi kuma takardar shaidar cewa shi ba ɗan ta'adda ba ne. Asusun da ake turawa kuwa sunan mutum ɗaya ne a jiki, kamar gwamnatin tarayya ta rasa inda za ta ajiye harajinta sai aljihun wani bawan Allah. Jarin kati ya tafi, janareton caji ya bi shi, akwati na nan Legas yana ta haihuwar takardu.

Ranar da ya yi jinkirin turawa, amarya ta fusata ta rubuto masa "abeg". Na ce ɗana, wace unguwa ce a Kalifoniya ake cewa abeg? Ya ce ai saboda son da take masa ne ta fara koyon Turancin Najeriya.

Abin da ya ceci babur ɗinsa ba wa'azina ba ne. A farkon Satumbar 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Mutane sun sha wuya ƙwarai, kasuwanci ya tsaya, mai son gaida ɗan'uwa sai ya bi mota zuwa wata jiha neman sabis. Amma ni dai na san gida ɗaya da wannan rufewa ta zame wa rahama. An yi niyyar toshe masu garkuwa na daji, sai aka haɗa har da masu garkuwa na cikin waya, waɗanda ba sa wahalar shiga daji da mutum, zuciyarsa suke kamawa yana kwance a ɗakinsa, shi da kansa ya riƙa kai kuɗin fansa wurin mai POS yana godiya. Da sabis ya dawo, saƙo arba'in ya tarar. Ba ko ɗaya da ya tambayi lafiyarsa.

Kada mata su yi dariya, nasu kason na nan. Na san wata bazawara a Tsafe, mai sana'ar ƙuli da man gyaɗa, wadda wani janar na sojan Amurka da ke bakin daga a Siriya ya ce in ba ita ba sai rijiya. Janar guda, mai taurari a kafaɗa, amma ba shi da kuɗin jirgin zuwa hutu sai an kwashe adashin Hajiya an tura masa. Ita kuma har ta fara yi wa ƙawayenta kallon mutanen ƙauye. Wasu nasu Balaraben Dubai ne, mai rawani da hoton rairayi a bayansa, wanda zai kai su Umra ranar tarewa. Wannan ɓangaren ba duka ne abin dariya ba, don bayan kalamai masu zaƙi sai a nemi hoton da bai kamata ba, daga nan murya ta canza: ko kuɗi ko a watsa. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram wajen 63,000 a Najeriya masu wannan sana'a.

In Baturiya ta gama da kai, akwai ƙaninta na jira, wato ejan. Ofishinsa benci ɗaya ne, da tutocin ƙasashe bakwai, da hoton jirgin sama a bango. Kalmarsa ɗaya ce: garanti. Yana da mutum a ciki. Kowane ejan yana da mutum a ciki, har na fara tunanin ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ba kowa cikinsa sai 'yan'uwan ejan. Zai karɓi fasfonka da kuɗinka ya cike maka cacar biza ta Amurka, alhali tun zagayen 2015 aka cire 'yan Najeriya daga wannan caca, saboda yawan waɗanda suka riga suka shige. Wato tikitin motar da ta tashi shekara da shekaru yake sayar maka, kai kuma kana tambaya ko akwai kujerar gefen taga.

Bizar ziyara kuwa, a 2023 aka mai da kuɗin nemanta dala 185, kuma da kanka za ka je Abuja ko Legas ka tsaya gaban jami'i ya yi maka tambayoyi. Ya ba ka ko ya hana ka, kuɗin ba ya dawowa, kuma ba wani mai benci da zai sa baki. Ita ma bizar da Amurka ke ba wanda ɗan ƙasarta zai aura, Ba'amurken ne ke shigar da takardun daga can, kuma sharaɗinta sai kun taɓa haɗuwa ido da ido cikin shekara biyun da suka wuce, in ka shiga kuma a ɗaura auren cikin kwana 90. Ka ji fa. Gwamnatin Amurka da kanta ta tsaya kan ra'ayin Gwaggo: sai an je an ga kofin.

Su kansu Turawan ba su tsira ba. Hukumar kare masu saye ta Amurka ta ce a 2022 mutum kusan 70,000 suka kai ƙarar damfarar soyayya, asarar ta kai dala biliyan 1.3. Waɗannan su ne suka iya buɗe baki. Mu nan wa zai je ofishin EFCC na Sakkwato ya zauna gaban jami'i ya ce ranka ya daɗe, hoto ne ya cinye mini jari? Gara a ce ɓarayi ne suka fasa shago, ko a ce kasuwa ce ta juya baya. Kunyar nan ita ce jarin ɗan damfara, ya san ko ya yanka ka ba za ka yi ihu ba, don maƙwabta za su tambayi me ya kai ka.

Game da amaryar kuma, ga mai son sanin kamanninta: a Disambar 2024 EFCC ta dira wani bene a Victoria Island da ke Legas ta kama mutum 792, cikinsu 'yan Sin 148 da 'yan Filifins 40, ana zarginsu da damfarar soyayya da ta kuɗin intanet. Kwamfutoci jere reras, da samarin da aka ɗauka aiki don su riƙa hira da mutane. Soyayya ce ta kamfani, da manaja da lokacin tashi. Mai yiwuwa wadda ta hana ka barci jiya da dare wani ƙato ne mai gemu da ke aikin kwana, yana hira da kai da wasu goma sha tara, kowa kuma shi kaɗai ne a zuciyarta.

Ni dai abin da na lura, duk soyayyar da ta fara da "mai diya" ta zarce da lambar asusu, harafi ɗaya ya rage mata ta cika diyya, kuma kai ne mai biya.

Ɗan ƙanwata ya yi aure bara, 'yar Kwatarkwashi, daga gindin dutsen. Ni aka tura bincike, na kuma yi shi yadda aka gada: kwana biyu ina zaga garin, har sunan jakin kakanta na ji. Ya koma cajinsa, ya sayi janareto na hannu. Watan jiya ya zo mini da waya yana dariya, wai wata likita ce daga Landan ta turo masa gaisuwa, mijinta ya rasu, tana sha'awar musulunci, akwati ma har ya taso. Hoton sabo ne. Lambar asusun ce dai ba su canza ba.