Yadda Ake Korar Baƙo Cikin Mutunci

Idan kana da shafin intanet kuma baƙi sun ishe ka, kada ka rufe ƙofa, wannan aikin marar dabara ne. Maigadi za ka ɗauka ka zaunar a zaure, duk wanda ya yi sallama ya ce masa, "Ranka ya daɗe, ai ba nan ba ne, zagaya ta baya." Maigadin nan 'yan layukan umarni ne da ke zaune cikin saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Ba ya cin albashi, ba ya roƙon goron sallah.

Saba gida ce mai ƙofofi, lambobinsu har 65,535. Baƙo bai san wannan ba, burauzarsa ce ke jan sa zuwa ƙofa ta 80, ko ta 443 idan shafin mai kwaɗo ne. Kai kuwa kayanka suna ƙofa ta 8080, saboda a Linux ƙofofin da ke ƙasa da 1024 ba a buɗe su sai da izinin babban maigida, kuma ba ka son yi masa magana.

A yaren kwamfuta na PHP, abin da za ka koya wa maigadin bai wuce wannan ba: header("Location: http://example.com:8080/"); In wata saba kake so ya tura su gaba ɗaya, sauya adireshin, can su ƙarata.

Sai dai maigadin yana da sharaɗi: shi zai fara magana. Ko tari wani ya riga shi yi a gidan, ya yi fushi ke nan. Fili guda da ka bari a saman fayil kafin alamar buɗe PHP ya isa a ce maka an riga an aika kanun saƙo. Na taɓa kwana ina farautar laifin, janareta na shan fetur, na zagi saba, na zagi kamfanin da na yi haya a wurinsa, da asuba na tarar layi ne guda babu komai a cikinsa, ni na bar shi da hannuna.

Bayan umarnin ka rubuta exit. Kada ka manta. In ba haka ba, maigadi zai ce wa baƙo ya tafi, sannan ya ci gaba da fito da kayan ɗaki yana shanyawa a waje. Burauza mai kunya ce, za ta wuce. Mai amfani da manhajar curl kuwa zai gyara zama ya kalli komai.

Sai zaɓen lamba. In ka yi shiru, PHP zai aika 302, ma'ana "yau dai je can, gobe ka sake leƙowa nan." 301 kuwa saki uku ce. Burauza za ta rubuta ta ajiye, ko ka yi nadama ka goge umarnin, ba za ta ƙara taka ƙofarka ba sai baƙon ya share ma'ajiyarta, shi kuwa bai ma san tana da ma'ajiya ba. Saboda haka ranar gwaji ka saka 301, don ka san hawan jini da ƙuruciyarka. Idan baƙon ya zo da fom a cike, ba shi 307 ko 308, in ba haka ba zai iya isa can hannu rabbana.

Ga wanda ya ƙware, sai ya ɗauki maigadi biyu. Na ƙofar 80 ya ce a je 443, na 443 ya ce a koma 80, kamar mai bin fayil ɗin fansho tsakanin ofisoshi. Chrome zai yi zirga-zirga sau 20 kafin ya zauna a ƙasa ya ce turawar ta yi yawa. Baƙon kuma zai ɗaga wayarsa sama, ya leƙa ta taga, ya tsine wa masu netwok.