Injiniyan Furfuri Ya Danna Maɓalli

Taubashina Ɗan-Gaggawa, labarinka ya riga ka isowa Gusau. An ce kwamfutar situdiyonka ta tambaye ka ko kana son sabuwar Windows, kai kuwa ko karanta tambayar ba ka gama ba ka danna. Waƙar amarya na kan aiki, biki jibi. Kai, madalla da wannan kai!

Yanzu ga shi sifika ta yi gum, piyanonka Yamaha da kwamfutar sun daina gaisawa, uwar amarya kuma ta kafa kujera a ƙofar shago. Ba dariya nake ba, wallahi, tari ne ya sarƙe ni.

Zauna in karantar da kai, tunda ni Allah Ya ba ƙwaƙwalwar gidanmu. Tsakanin FL Studio ɗinka da akwatin sautin da kake soka makirfo akwai 'yar manhaja, direba, ita ke kai saƙo ta dawo da shi. Idan Windows ta canza alhali kamfanin akwatin bai gyara direbansa ba, sai ka ji ƙaraf-ƙaraf cikin waƙa, ko murya ta riƙa zuwa bayan kiɗa ya wuce. Bayan da Windows 11 24H2 ta fito a Oktoban 2024, Microsoft da kanta ta dakatar da tura ta zuwa wasu kwamfutoci saboda sauti na ɗaukewa. Masu abu sun ce a dakata, amma Injiniyan Furfuri ya fi su sani. Masu Mac ma sun sha tasu a 2019, da sabuwar manhajarsu Catalina ta ƙi karɓar tsofaffin manhajoji masu 32-bit.

Balle kai, da Auto-Tune ɗinka Allah kaɗai Ya san inda ka samo shi. In ya ƙi tashi, wa za ka kai wa ƙara? Kuma mun san muryar da yake rufa wa asiri. Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru sun cika ƙasar nan da kotso da maƙogwaronsu kawai, kai kuwa ko atishawa sai ka bi ta da gyara.

To, in yi maka adalci, Windows 10 ba wurin zama ba ce har abada, tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta janye mata tallafin da aka saba. Ƙaura dole ce, amma ba da aikin mutane a hannu ba. Ka jira kamfanin akwatinka ya ce direba ya dace, ka kwafe waƙoƙi a wani faifan, ka gwada cikin azumi lokacin da bukukuwa suka lafa, janareto cike da mai kada wuta ta yanke maka a tsakiya.

Af, tunda hannunka ba ya jinkiri, kuɗin sharata na bara fa? Su ne har yau ban ga ka danna ba.