Ni da Dokin Katakon Girkawa

Akwai wata cuta da ke kama wanda ya ɗan leƙa jami'a: sai ya riƙa ganin duk unguwa ba mai sani sai shi. Tawa ta wajen tatsuniyoyin Girkawa ta ɓullo. Na san Zeyus ne babban gunkinsu, na san a dutsen Olimfus aka ce suke zama, na kuma kalli fim ɗin Troy na 2004 har faifan ya daina tashi. Jarin ke nan, amma cika bakin ya kai na farfesa.

Daren da Ademola Lookman na kulob ɗin Atalanta ya zura wa Bayer Leverkusen ƙwallo uku a wasan ƙarshe na kofin Europa, a watan Mayun 2024, muka fito daga gidan kallo muka zube a teburin mai shayi. Wani ya tambaya, wai mene ne Atalanta? Na gyara zaman tabarau, na ce ai birni ne a Amurka, 'yan Italiya suka ari sunan.

Yaron da ke gyaran waya a bakin layinmu ya ajiye kofi. "Kawu, ba katse ka na yi ba, wancan Atlanta ne. Wannan wata mafarauciya ce mai ɗan karen gudu. Ta ce ba za ta auri kowa ba sai wanda ya tsere mata. Wanda ya same ta ma wayo ya yi, ya riƙa jefa tuffa ta zinariya tana tsayawa tsinta. Kanta ne a tambarin kulob ɗin."

Mai hankali nan zai nemi ƙarin suga ya yi shiru. Ni kuwa sai na jawo dokin katako don in wanke kaina. Na zayyana yadda Akilis ya shige cikin cikinsa, ya diro da dare aka ci birnin Troy.

"Kawu, a fim ke nan," in ji yaron, yana sunkuyar da kai don ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. "Akilis ya riga ya mutu, Faris ya harbe shi a diddige. Odisiyos ne ya kawo dabarar dokin."

Na ce ya je ya duba Iliyad na Homa. Littafin da ko bangonsa ban taɓa shafawa ba! Ashe akwai tsohon hedimasta a ƙarshen benci. Ya ce, "Malam, Iliyad da jana'izar Hekta ya ƙare. Ba a kai ga dokin ba."

Daga nan fa kowa ya samu baki. Mai shayi ya ce Ajax, inda Kanu da Finidi suka ci kofin zakarun Turai a 1995, sunan wani jarumin yaƙin ne. Mai sayar da takalma ya ce Nike gunkiyar nasara ce. Yaron, da aka matsa masa, ya ce shi a wasan God of War ya fara, sauran ya bi su a intanet. Wani dattijo ya yi a'uziyya, ya ce a bar zancen gumaka haka, kuma ban taɓa jin daɗin wa'azi irin na ranar ba.

Ni na biya kuɗin shayin kowa. Har yau yaran layin Malam Doki suke kirana, kuma ina amsawa.