Yadda Na Zama Sarkin Jan-Baki

Da aka tura ni koyarwa wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kwalin littattafai guda na zo da shi, sai kuma burin da ya fi kwalin nauyi. Na sha jin labarin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, na ce ni ma sai na kafa tawa, ta karatun yara. Na rubuta tsarin mulki, na naɗa kaina shugaba da sakatare da ma'aji, babu hamayya. Na sa taro ranar Asabar bayan la'asar, na share aji, na jera benci. Mu biyu muka halarta, ni da wata akuya, ita ma takardar sanarwar ta zo ci.

Ɗan birni yana zaton ƙauye wurin hutu ne. A wannan yanki babu wannan zance. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke biyo kanal yana ratsa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, noma ya daina jiran hadari. Damina shinkafa, rani tumatir da alkama da albasa. Yaro in ba ya dashe, to yana cika kwandunan da za a kai Kwanar Gafan. A lokacin da na kira tarona kuwa shinkafa ta fitar da kai, duk wani mai ƙafa yana gona yana korar jan-baki.

Sai dabara ta zo mini, irin wadda kan zo wa mutum in wahala na kiransa. Tunda yara ba su zo wurin littafi ba, littafi zai je wurinsu. Na saɓi Magana Jari Ce na bi gefen kanal, na tarar da su kowa riƙe da igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, suna ja suna ihu. Na zauna a kan kunya na gyara murya.

Wanda ya san littafin nan na Abubakar Imam ya san ƙashin bayansa: aku ne ke jero wa Musa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, kada ya faɗa tarkon waziri. Wato an gina littafin ne don ya zaunar da yaro wuri ɗaya, kuma tun wajen 1937 bai taɓa gazawa ba. Ni ban yi wannan lissafi ba. Igiya ta farko ta yi shiru, ta biyu ta bi ta. Yaran gonakin maƙwabta suka tsallako, suka kewaye ni baki buɗe. Na ji kaina ya kumbura, na ce lallai ni ne malamin da ƙasar nan ta daɗe tana jira. Ban ankara ba ashe akwai wasu masu sauraro, dubbai, sun sauka a bayana, kuma ba labari suka zo ci ba.

Masu gona biyu suka iso a guje. Ɗaya gonarsa na kusa da bakin ruwa, ɗayan can ƙarshen layi, kuma an daɗe ba sa ga maciji, don na ƙarshe yana zargin na farko da toshe masa ruwa cikin dare. Ranar dai na haɗa kansu, domin sun sami abokin gaba ɗaya.

"Malam, gwamnati ce ta aiko ka, ko tsuntsayen ne suka ɗauke ka aiki?" in ji babban.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, karatu muke."

Ya fizge littafin, ya duba bango, sai na ga fuskarsa ta saki. Ashe ya karanta shi a firamare. Ya ce ai akun nan har waziri ya zama. Ɗayan ya ce shi tun yana yaro bai yarda da wannan naɗi ba, ina aka taɓa ɗaura wa tsuntsu rawani? Musu ya kaure, yara na ta dariya, jan-baki na ta cin rabonsu. Ni na koma ja musu igiya, don wani ya zama dole ya ja.

Mai unguwa ya yanke hukunci: karatu ya koma ƙofar gidansa bayan isha'i. Nan abin ya kama gadan-gadan. Ana shimfiɗa tabarmi, a kunna fitila mai caji, yara su riƙa karɓa-karɓa, wanda ya yi tuntuɓe a kalma na kusa da shi ya ɗaga shi. Muka gama Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutun da aka yi a Zariya a 1933, muka shiga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Wata tsohuwa ta ce ba za a bar Gizo da Ƙoƙi a baya ba don kawai ba su da bango, aka ware mata daren Alhamis. 'Yan matan da suka saba jin iyayensu na karanta littattafan soyayya a cikin gida suka fi kowa saurin baki. Dattawan nan biyu kuwa tabarma ɗaya suke zama, kuma a nan, tsakanin babi da babi, suka raba kwanakin ban-ruwa ba tare da an kai ƙara ko'ina ba.

Da ƙungiya ta yi ƙarfi sai aka ce a yi zaɓe, kamar yadda tsarin mulkina ya tanada. Wata 'yar aji shida ta kayar da ni warwas. Dalilin masu zaɓe shi ne wai ina karatu kamar mai sanarwar rasuwa a rediyo. Ma'aji ma aka ba wani, aka ce wanda ya kasa tsare shinkafa ba a ba shi ajiyar kuɗi.

Amma ba a bar ni haka ba. Mai unguwa ya miƙe ya ce, "Malam ya yi mana ƙoƙari, ba za a sallame shi hannu rabbana ba." Aka naɗa ni Sarkin Jan-Baki. Aikin sarautar ɗaya ne: duk ranar da yara suka tafi gona da littafi, ni ke riƙe igiya. Na nemi a ba ni waziri, har yanzu babu wanda ya nuna sha'awa.