Kuɗin Akuya Sai Sun Je Legas Sun Dawo

Idan mutum ya sayi akuya a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ya ce zai biya ta turansifa, to kuɗin nan ba daga hannunsa zuwa hannun mai akuya suke bi ba, ko da kuwa kafaɗunsu na gogar juna. Saƙon zai tashi daga wayarsa ya hau ƙarfen sabis, daga nan a miƙa shi ga wani zaren gilashi da ke binne a gefen titi, ya nausa kudu har Legas. A can ne manyan kwamfutocin yawancin bankuna suke, a can ne kuma NIBSS yake, kamfanin da ke sasanta lissafi tsakanin banki da banki. Sai an amince da shi a can sannan ya juyo gida. Akuya na tsaye tana tuƙa, kuɗinta sun yi tafiyar sama da kilomita 2,000, zuwa da dawowa.

Tunda abin ya kai ga cinikin awaki, ya kamata kowa ya san yadda tafiyar take, domin a daina ɗora wa marar laifi laifi. Kusan kowace rumfar POS daga Birnin Kudu zuwa Basirka ta san irin wannan zance:

"Yaro, an cire mini kuɗi, ga alat nan."

"Wallahi Baba ba su shigo ba tukuna, sabis ne."

"To ɗaga ta sama mana!"

Yaro ya ɗaga na'ura sama, don ba a musu da dattijo. Kuma Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Tsakanin waya da ƙarfen sabis, saƙo ta iska yake bi, don haka ɗaga hannu, ko fita daga ɗaki mai rufin kwano, ko hawa tudu, duk suna iya taimakawa. Mutanen Birnin Kudu ma sun fi wasu gata ta wannan fannin, tunda Allah ya hore musu duwatsu, har da Dutsen Mesa da Dutsen Habude masu zanen shanu na mutanen da. Ruwa kamar da bakin ƙwarya shi ma yakan raunana saƙon da farantan saman ƙarfe ke jefa wa junansu. Amma wannan zangon farko ne kawai, 'yan kilomitoci. Sauran tafiyar a cikin gilashi take, mafi yawanta a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan a can matsalar take, ko mutum ya hau ƙololuwar dutse ya miƙa hannu har ya gaji, alat ba zai shigo ba.

Zaren nan gilashi ne tsantsa. Kaurinsa milimita ɗaya a raba gida takwas, kuma hanyar da hasken ke bi a tsakiyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan kaurin ba. A 1966 wani injiniya haifaffen Shanghai, Charles Kao, da abokin aikinsa George Hockham, suka nuna a Ingila cewa abin da ke kashe haske a cikin gilashi datti ne, ba gilashin kansa ba, idan aka tace shi sosai haske zai yi tafiya mai nisa. A 1970 masu bincike uku na kamfanin Corning a Amurka, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka ƙera irin gilashin. Kao sai a 2009 ya karɓi kyautar Nobel. Akwai kuma namu a cikin labarin: Thomas Mensah, ɗan Kumasi ta Gana, wanda a shekarun 1980 ya yi aiki a Corning kan hanyar jan zaren da sauri, abin da ya taimaka wajen sauko da farashinsa. A cikin zaren haske na gudun kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa guda. Tafiyar kilomita 1,000 kenan kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa. Saboda haka duk wanda ya ce maka kuɗin sun makale ne don Legas da nisa, ka yi masa uzuri, amma kada ka yarda.

Zare ɗaya ba saƙo ɗaya yake ɗauka ba. Ana cusa masa haske launi daban-daban a lokaci guda, kowane launi da nasa kayan, kuma ba sa cakuɗewa. A 1996 kamfanin Ciena ya fito da na'ura mai launi 16, yanzu kuwa launi 80 zuwa 96 a zare guda abu ne da aka saba gani, kowane launi na ɗauke da gigabit 100 ko fiye a daƙiƙa. Idan haske ya fara gajiya, bayan kamar kilomita 80, sai ya ratsa wani guntun zare da aka cuɗa da sinadarin erbiyum ya sake samun ƙarfi. David Payne na Jami'ar Southampton da Emmanuel Desurvire na Bell Labs su ne suka yi fice a wannan ƙirƙira a 1987.

Inda aikin ya fi wuya shi ne mararraba. Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Kano zuwa Gwaram ya san Kwanar Huguma, inda hanyar Dutse ke rabuwa, ya kuma san Babaldu. Ya san abin da ake kira juye: direba ya tsaya, ya ce kowa ya sauko, a sauke buhuna da kaji, 'yan kamasho su tambayi kowa inda za shi, a sake lodi a wata motar. Haka tsoffin na'urori suke yi wa haske a kowace mararraba. Sai a mayar da shi lantarki, a karanta inda kowane saƙo ya nufa, a sake mayar da shi haske a tura gaba. Juye kenan, yana cin wuta, yana cin kuɗi, kuma kowane launi sai an saya masa tasa na'urar. Abin da injiniyoyi suka shafe shekaru suna nema shi ne mararrabar da mota za ta karya kwana ba tare da fasinja ya sa ƙafa a ƙasa ba, mai zuwa Dutse ya yi Dutse, mai zuwa Ningi ya yi Ningi, wanda ya iso gida kaɗai a sauke shi.

Amsar farko madubi ce. A 1999 kamfanin Lucent ya nuna wata na'ura mai suna LambdaRouter, ɗauke da ƙananan madubai 256 a kan ɗan fallen silikon, kowane madubi na karkata da umarnin lantarki ya cilla haske daga wannan zare zuwa wancan. Na'urar ta zo a mummunan lokaci, kasuwar kamfanonin sadarwa ta rushe, a 2002 aka daina ƙera ta. Dabarar dai ba ta mutu ba. A 2022 Google ya bayyana cewa ya shafe shekaru yana amfani da irin waɗannan madubai wajen haɗa kwamfutocin manyan rumbunansa. A kan dogayen hanyoyi kuwa, abin da ya yi nasara shi ne na'urar da ke fara baje hasken launi-launi, sannan ta zaɓi kowane launi ta ce masa wuce, ko sauka nan, ko bi wancan zaren. Wasu da madubi suke yi, wasu da irin ruwan kiristal ɗin da ke cikin allon kwamfuta. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ba sai an tashi mutum da mota ba. Da can, idan za a sauya wa launi hanya, sai injiniya ya je da kansa ya zare wannan ya soka wancan. Yanzu yana zaune a ɗakin sa ido a Legas ko Abuja zai danna, haske ya sauya hanya a wani gari da bai taɓa shan ruwansa ba.

Har ma ba kullum ake jiran dannawarsa ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙa'idar manyan layuka ta tanadi cewa a shimfiɗa zare a zagaye, ta yadda idan ya tsinke ta gabas, saƙo zai juya ta yamma cikin kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa, wato kafin ƙiftawar ido. Mai magana a waya ba zai ma san an yi komai ba. Neman inda ya tsinke shi ma ba da tono ake farawa ba. Akwai na'urar da Barnoski da Jensen suka kawo dabararta a 1976, wadda ke harba haske cikin zaren ta auna lokacin da ɓurɓushinsa ya ɗauka kafin ya dawo, sai ta faɗi kilomita nawa ne daga nan zuwa wurin ɓarnar. Masu gyara su je, su tono, su goge bakin zaren biyu, su narka su da tartsatsin wuta su haɗe. Idan kebur ɗin mai zare 48 ne, sau 48 za a yi, a bakin titi, ko da rana ko da dare.

To idan haka na'urorin suke da wayo, me ya sa sabis ke ɗaukewa wuni guda? Saboda na'urar juya haske ba ta ƙirƙiro hanya, wadda aka shimfiɗa mata take zaɓa. Garin da zare ɗaya tilo ke shiga, idan ya tsinke, duk madubin duniya ba shi da inda zai cilla hasken. An ga haka a babban mataki ranar 14 ga Maris 2024, ana cikin azumi, lokacin da kebur huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, harkar banki ta tsaya cak ga mutane da yawa a Najeriya. Waɗanda suka fara farfaɗowa su ne masu wata hanyar, irin kebur ɗin Equiano na Google da ya sauka Legas a 2022.

Amma abin da ya fi damunmu a nan ba teku ba ne, katafila ce. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce a 2024 an tsinke zare sama da sau 50,000 a Najeriya, kusan 30,000 daga ciki a wuraren aikin titi. Direban katafila ba mugu ba ne. Ba wanda ya nuna masa taswira, an ce ya haƙa kwalbati ya haƙa, ya ga wani baƙin tiyo ya fito da haƙoran injin, ya ture shi gefe ya ci gaba da aikinsa. A daidai lokacin layin masu cire kuɗi ya fara tsawo a wani gari, masu rajistar JAMB sun zuba tagumi, wanda ya kawo marar lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu yana tsaye da kati a hannu ya kasa biyan kuɗin magani.

Sai kuma ɗan'uwanmu mai fita da diga cikin dare. Ina so in yi masa magana tsakani da Allah, don ina ganin ba a taɓa zaunar da shi an yi masa bayani ba. Malam, babu jan ƙarfe a cikin zaren nan. Wayar tarho ta zamanin NITEL ita ce mai jan ƙarfe, wannan kuwa roba ce a waje, gilashi a ciki. Idan ka ƙona ta hayaƙi za ka samu. Idan ka kai wa ɗan gwangwan zai ɗora a sikeli ya mayar maka da kayanka. Ka yi asarar barci, ka yi asarar gumi, gobe ka je cire kuɗin da ƙaninka ya turo maka daga Fatakwal a ce maka babu sabis. Ga shi tun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, lalata su laifi ne mai kai mutum gidan yari. Sannan kada ka leƙa bakin zaren da ya tsinke don ka ga ko akwai wuta. Hasken cikinsa ido ba ya ganinsa, amma yana iya ƙona idon.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, jihar ta kafa kamfanin intanet na Galaxy a Dutse da cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su fara tunanin abin ba. Yanzu gwamnatin tarayya, ta bakin Minista Bosun Tijani, ta yi alkawarin ƙarin zare kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Abin da wakilanmu ya kamata su nema a ciki ba wai zare ya shigo Birnin Kudu da Gwaram ba ne kawai. Su nemi ya shigo ta hanya biyu: ɗaya ta ɓangaren Kano da Dutse, ɗaya ta ɓangaren Bauchi, kuma kada a kwantar da su a rami guda, don katafila ba ta tsinke ɗaya ta bar ɗaya. Jiha kuma ta sauƙaƙa kuɗin izinin haƙa, wanda gwamnoni suka amince tun 2020 kada ya wuce naira 145 a kowace mita, domin kamfanin da aka tsawwala wa kuɗin hanya ta farko ba zai shimfiɗa ta biyu ba.

Kafin nan akwai abin da ba ya bukatar kasafi. 'Yan kwangila su tambayi inda zare ya bi kafin su kunna inji. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku, idan kun ga ana haƙa a gefen titin ƙasarku, ku aika a tambayi mai aikin ko ya san abin da ke kwance a ƙarƙashi. Ku kuma iyayenmu dattawa, ranar da alat ya yi jinkiri, ku sassauta wa yaron POS, ku karɓi rasit ɗinku ku adana, ku ba shi lokaci.