Akuya Mai Lamba 7

Tun daga watan da abin nan ya faru, in na yi sallama gidan Gwaggo, sai ta amsa ta ƙara da "Sannu da zuwa, mai aljani." Ƴan fadarmu kuwa sun daina ce mini Mushe, sunan da na yi shekara 11 ina shaƙar alli a lakwal kafin ya zauna mini. Duk a kan akuya.

Wanda ya tashi a jihar Maradi ya san jar akuya ba abin wasa ba ce. Gashinta gajere ne mai sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa, ga yawan haihuwar tagwaye, ga fatar da tun zamanin fatake ake ɗorawa bisa raƙuma a haye Sahara da ita, har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko don ta can take isa hannunsu. Cibiya guda gwamnati ta kafa a Maradi saboda wannan iri. Ta Gwaggo kuwa ko cikin jajayen ta fita daban. Doguwa ce, idonta kamar an sa mata kwalli, kuma sai ta sha ƙasari kafin jikokin gidan su ga fura.

Wata ƙungiyar matasan makiyaya, ba zan kama sunanta ba, ta shirya gasa a intanet. Kowa ya tura hoton jar akuyarsa, jama'a su yi kwana 7 suna kaɗa ƙuri'a, waya ɗaya ƙuri'a ɗaya, wadda ta yi fice mai ita ya karɓi jika 50 da buhun dusa biyu. Ni da ƙafata na kai wa Gwaggo labari, ba wanda ya aike ni. Na ja akuyar har bakin tafkin Madarunfa bayan la'asar, na jira rana ta karkata, masunta suka fara dawowa da jiragensu, sannan na ɗauke ta hoto. Aka ba ta lamba 7. Ɗan kishiyar Gwaggo da ya ji, shi ma ya tura hoton akuyar uwarsa, wata ramammiya mai karyayyen ƙaho da baƙin tabo a cinya, wadda in ka ce mata ja to alfarma ka yi mata. Aka ba ta lamba 8. Ni da Gwaggo muka yi dariya har da hawaye.

Kwana uku na yi ina neman ƙuri'a ta halal. Na bi ƴan fada ɗaya bayan ɗaya, na bi malaman lakwal, na tura saƙon murya ga dangi na Gabi da Ɗan Isa da Jibiya, har da wani ɗan'uwa da rabona da gaishe shi tun kafin ya tafi Agadas. Abin da na tara 43. Lamba 4 kuwa, wata akuyar Jiratawa da ko wanka ba a yi mata ba, an ɗauke ta gaban turmi har ƙafar wata mata ta fito a hoton, tana da 212. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu da zogale muka san mutanen Jiratawa.

Ranar kasuwa na je rumfar mai cajin waya na ba shi dala 40 ya kau da kai. Wayoyi sun fi talatin a kan teburinsa, amma yawancinsu ƙananan nan ne masu tocila, waɗanda ba su san intanet ba. Ina cikin lalubar ta huɗu sai na ji hannu a kafaɗata.

"Kai Mushe, mi kake biɗa cikin salulata?"

"Baba, akuya nake zaɓe."

Tsohon ya karɓi wayarsa, ya juya ta gaba da baya, ya dube ni. "Cikin wagga akwai akuya?"

A nan na ga wannan hanya ba za ta ɓulle ba, sai na kira ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Maradi. Na biya masa kuɗin kabu-kabu, kafin magariba ya iso da jakarsa a baya. Ya buɗe shafin gasar, ya ɗan duba, ya yi murmushi. "Kawu, wannan ai ƙofa ce ba sakata." Ya ce zai rubuta wani ɗan aike a cikin kwamfutar, wanda zai shiga ya kaɗa ƙuri'a, ya fito ya sauya riga, ya sake shiga a matsayin baƙo, kamar almajirin da ke juya hula don ya karɓi sadaka sau biyu. Bambancin kawai shi wannan ba ya gajiya kuma ba ya jin kunya.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ɗan yi gardama, wajen minti biyu. Yaron ya lura, sai ya kwantar mini da hankali da tarihi. Ya ce a 1999 wani shafi a Amurka ya tambayi jama'a wace jami'a ta fi iya koyar da ilimin kwamfuta. Ɗaliban Carnegie Mellon suka rubuta irin wannan ɗan aike, na MIT suka ga haka suka rubuta nasu, aka tashi MIT tana da ƙuri'a 21,156, Carnegie Mellon 21,032, sauran jami'o'in ba wadda ta kai 1,000. A 2009 kuma matasan shafin 4chan suka yi wa ƙuri'ar mujallar Time haka, suka ɗora mai shafin nasu, Christopher Poole, a kan gaba cikin masu faɗa a ji a duniya, har ya wuce Barack Obama. Na ce to, in manyan jami'o'in Amurka sun yi, wane ne mushen lakwal ɗin Madarunfa da zai nuna ya fi su tsoron Allah?

A tsakar gidan Gwaggo muka kafa sansani, don nan ne waya ta fi kamawa. Na sayi mega na jika uku, biyu daga ciki Gwaggo ce ta kwance bakin zane ta ba ni. Ƙarfe tara aka ɗauke wuta, na ruga na yi hayar batirin mai shayi jika ɗaya. Yaron ya danna wani abu ya ɗauke hannunsa. Sai na ga 43 ta koma 44, ta koma 50, ta koma 100. Ban taɓa jin daɗin lissafi irin na daren nan ba, ni da nake koyar da shi. Gwaggo ta fito da buta, ta tsaya tana kallon lambobi suna motsi.

"A'uzubillahi. Wa ke taɓa shi?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"To aljani ne." Ta tofa addu'a hagu da dama ta nufi ɗaki. Ta kai bakin ƙofa sai ta waiwayo. "Shi aljanin, ta wa yake zaɓe?"

"Taki."

"To Allah shi yi mai albarka."

Kafin ƙarfe 11 mun wuce Jiratawa, muna 400. Yaron ya ce, "Kawu, mu tsaya nan. Ɓarawon da ya san sana'arsa ba ya kwashe rumbu duka." Na ce bar shi ya yi ta yi, so nake gobe mutanen Jiratawa su ji kunyar buɗe waya. Ya ɗaga kafaɗa ya miƙe a tabarma. Ni ma ina kallon lambobi har barci ya sace ni.

Guɗa ce ta tashe ni, kuma ba daga ɗakin Gwaggo ta fito ba.

Ashe cikin dare masu gasa sun cire lamba 2, don wani ya ƙura ido ya gano bunsuru ne aka ɗauka ta gefen da ba a gani. Da aka cire shi kowa ya matsa gaba. Tamu ta koma 6, ta kishiya ta koma 7. Shi kuwa ɗan aikenmu ba hoto yake gani ba. An ce masa 7, kuma 7 ya sani. Daga tsakar dare har asuba yana yi wa mai karyayyen ƙaho aiki ba hutu, ya tara mata ƙuri'a 8,764.

Inna, kishiyar, ta fito tsakar gida tana cewa dama ta yi mafarki, kuma ba a banza ta kai ziyara bakin tafki ba, inda ake cewa waliyyai 99 suna kwance. Nan take ta aika a sayo ƙosai na jika biyu a raba wa yara sadaka. Gwaggo ba ta ce mata kome ba. Ni ta kalla, kallon da ta yi mini rabonsa da ni tun ranar da na fasa mata tulu ina ɗan shekara takwas.

"Ɗan nan, da kuɗina ka sayo wa waccan aljani?"

Muka duƙufa gyara. Yaron ya juya ɗan aiken zuwa lamba 6, amma kafin azahar masu gasa sun farga, sun sa sakata. Yanzu kafin ka kaɗa ƙuri'a sai ka tabbatar wa na'ura cewa kai mutum ne. Yaron ya ce wannan shi ne CAPTCHA, saboda irinmu aka ƙirƙire shi, kuma a Carnegie Mellon ɗin nan dai aka raɗa masa suna. Ban yi mamaki ba, wanda ya taɓa haura katanga shi ya san inda ta yi gajarta. Ɗan aikenmu ya kasa wucewa. Na ce ba kome, ni zan yi da hannuna.

Aka nuno mini hotuna tara aka ce in zaɓi masu famfon kashe gobara. Wa ya taɓa ganin wannan abu a Madarunfa? Na zaɓi wasu da suka yi mini kama da turmi mai hula. Aka ce ban ci ba. Aka kawo wasu, aka ce in zaɓi wurin tsallaka titi. A garinmu duk inda ka ga dama nan ne wurin tsallaka titi, don haka na zaɓe su duka. Ban ci ba. A karo na uku na'urar ta rufe mini ƙofa, ta yanke hukuncin ni ba mutum ba ne. Gwaggo ta ce ita tun da safe ta gane haka.

Ranar da gasa ta ƙare suka fitar da sanarwa da Faransanci da Hausa. Suka ce masu bin shafinsu gaba ɗaya ba su kai 900 ba, amma dubban ƙuri'u sun fito daga na'ura ɗaya, cikin dare ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ba ko numfashi. An kori lamba 6 da lamba 7. Akuyar Jiratawa ta ci da ƙuri'a 340. Daga baya na ji mai ita tana cikin ƙungiyar asusu ta mata, irin ta Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991. Ranar zubi ta faɗa wa ƴan'uwanta, kowace ta koma gida ta tsare ɗanta mai babbar waya, ta ce ba tuwo sai ya danna 4.

Malam, mijin Gwaggo, shi ya yi mini shari'a a zaure. Gwaggo ta ce na jawo an kori akuyar da ta fi kowace kyau a jihar. Inna ta ce na ba ta nasara na ƙwace, kuma ta riga ta yi guɗa maƙwabta sun ji. Duk su biyun suna da gaskiya. Aka yanke in kai wa kowace buhun dusa ɗaya, in biya jika biyu na Gwaggo da jika biyu na ƙosai. Suka tashi tare, suka shiga ciki tare, ina jin su suna ƙirga laifuffukana tun daga na yarinta, wannan ta faɗi ɗaya waccan ta tuna mata wani. Da zan fita Malam ya biyo ni, ya rage murya ya ce shekara 26 da haɗa su, bai taɓa ganinsu kan tabarma ɗaya ba sai yau. Ya ɓara goro ya ba ni rabi. Tarar dai bai rage ko dala ba.

Bayan sati ɗan yayata ya turo mini saƙo, wai don in ji sanyi. A watan Oktoba na 2022 an yi irin wannan maguɗi a gasar zaɓen beyar da ta fi ƙiba, wadda gandun dajin Katmai na Alaska ke shiryawa duk shekara. Aka gano ƙuri'un ƙarya da aka tara wa lamba 435, aka zubar da su, lamba 747 ya wuce. Ban ba shi amsa ba. Su can ba wanda aka sa ya sayi dusa.

Akuyar Gwaggo ta haifi tagwaye da kaka, jajaye su biyun, an kuma hana ni ɗaukarsu hoto. Mai dusa har yanzu yana bina jika 6, na ce masa sai ƙarshen wata.