Mu Ba Ma Kai Tsoho Ajiya

Teburin mai shayin bakin titin Sharada ba ya cika sai bayan magariba, lokacin da masu aikin rana suka fito suna karkaɗe jiki, masu aikin dare kuma suna ɗura ruwan bunu kafin su shige. Ranar nan wani yaro mai aiki a injin leda ya miƙo mana wayarsa, wai mu ga ikon Allah. Gidan tsofaffi ne a Ingila. Ga wata tsohuwa a kujera mai taya, ma'aikaciya tana ba ta abinci a baki, har da furanni a taga.

"To ina 'ya'yanta?" in ji Baba mai gadi.

"Suna wajen aiki, Baba. Sai ƙarshen mako suke leƙo ta."

Nan fa benci ya kaure da salati. Wani ya ce Allah ya raba mu da wayewar da za ta sa mutum ya kai uwarsa ajiya kamar kayan sito. Wani ya ce shi ya sa ba su da albarka. Direban babbar mota, wanda ke ɗaukar fata daga Challawa zuwa Legas, ya daki ƙirji ya ce, "Mu dai ba ma haka. Mu tsohonmu a ɗakinsa zai cika, a hannunmu."

Kowa ya ce ƙwarai kuwa, har da ni, don kada a ce na zama bare. Mai shayi ne kaɗai bai tanka ba, yana ta sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan. Sai da ya dire wa direba nasa sannan ya ce, "Yaya, a hannunku ko a hannun matanku? Kai da kake kwana tara a hanya?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana sosa ƙeya.

Tun daga ranar nake ƙirga gidajen layinmu a Ja'en, ina neman wannan "mu" ɗin da ke riƙe da tsofaffi. Duk gidan da na leƙa sai na tarar "mu" mutum ɗaya ce, kuma ɗaure take da zani. Ko dai matar babban ɗa ce, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida. Wannan ta biyun ma har godiya 'yan'uwanta maza suke yi a ɓoye, don an samu mai jinya ba da albashi ba. In manemi ya fito sai ka ji ana cewa a ɗan dakata tukuna, jikin Inna sai a hankali.

Mu maza kuwa namu aikin a waya yake. Mu tura dubu biyar, mu kira mu tambaya ko alat ya shigo, sannan mu ba da umarni: a riƙa juya ta, a rage mata gishiri, kada a bar ta ita kaɗai. Ranar Juma'a mu zo dubiya da ledar ayaba da lemo, mu baje a tabarma, mai jinyar da ba ta runtsa ba daren jiya ta tashi ta ɗora mana tukunya. Mu ci, mu yi addu'a mai tsawo, mu tafi muna yaba zumuncinmu.

Ba na cewa mazan duk haka suke. Maƙwabcina na jikin katanga, mahaifinsa ya yi shekara biyu kwance da shanyewar ɓarin jiki. Suruka ba ta yi wa surukinta wanka, wannan ko a mafarki. Don haka kafin assalatu yake tashi ya ɗora ruwa, ya cicciɓi tsohon ya wanke shi, ya sauya masa leda da zanin gado, ya shafa masa mai a gadon baya saboda gyambon kwanciya, sannan ya hau keke ya kama shida na safe a kamfani. Aikin awa goma sha biyu ne. Daga fitarsa zuwa dawowarsa fo yana hannun ɗansa, yaro ɗan shekara goma sha uku, wanda ya daina zuwa Islamiyyar yamma saboda haka. Ran da jikin ya tashi aka kwana asibiti, bai je aiki ba kwana uku, aka yanke masa kuɗin kwana uku cif. Aikin yini yake yi, ran da ba ka shiga ba babu kai a takarda.

Shi tsohon da ke kwance, da ƙarfinsa ya zo Kano. Yana cikin samarin da suka baro ƙauye lokacin da jiniyar Bompai ke tashin unguwa, ana matsar gyaɗa, ana haɗa keken Rali, masaƙu suna aiki dare da rana. Bompai ce babba, tun zamanin Turawa, daga baya kuɗin mai ya zo aka buɗe Sharada da Challawa. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, wuta ta zama sai an ga dama, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aka ba tsohon da ire-irensa kuɗin sallama a dunƙule, wani ya sayi fili, wani ya ƙara aure, aka cinye. Dokar fansho ta adashin gata sai a 2004 ta zo, aka sake ta a 2014, inda mai kamfani ke zuba kashi goma ma'aikaci kashi takwas. Ta tarar da su a gida. 'Ya'yansu da suka gaje su a bakin inji, mai aikin yini a cikinsu bai san ma ofishin da ake tambaya ba. Shi ya sa har gobe fanshon talaka a nan ɗansa ne, shi ɗan kuma albashinsa ba ya kaiwa ashirin ga wata.

Amma abin da ya fi ba ni dariya a alfaharin nan namu, kuma ya fi ba ni tausayi, shi ne yadda muke cewa muna riƙe da tsofaffi, alhali a gidaje da yawa tsohuwar ce ke riƙe da mu.

Ga Iya ta gidan kusurwa. Ta haura saba'in, da hawan jini, da ciwon gwiwar da sai ta dafa bango take miƙewa. Jikoki biyar ne a ɗakinta. Biyu na 'yarta ne da ta sake aure, sabon miji ya ce shi ba ya riƙon agola. Ɗaya maraya ne. Biyun ƙarshe kuwa na yini ne, uwarsu tana zuwa tsintar zoɓo da riɗi a wani sito, ta ajiye su da safe ta ɗauka da magariba, in ta gaji ta bar su su kwana. Da asuba Iya take hura wuta ta dafa ɗanwake, yara su yi layi da kwano a zaure, da cinikin nan ake sayen sabulu da kuɗin Laraba da fensir. Gwamnatin jiha ta ce karatu kyauta ne tun 2019, to amma yunifom da takalmi ba su ji sanarwar ba.

In ka shiga gaishe ta ba za ka ji kuka ba, tsiya za ka tarar. Ta dubi ƙaramin ta ce, "Kai mijin banza, ko cefane ba ka bayarwa sai cin tuwo." Ta juya kan 'yar budurwar ta ce, "Ke kuma kishiya, tashi ki ba ni wuri, kin fi ni kwalliya ne?" Yara su yi ta ƙyalƙyala dariya. Wannan wasan kaka da jika shi ne man da ke sa injin gidan yake juyawa. Sai dai a gefen katifarta akwai kwalin maganin hawan jini, na ga tana raba ƙwaya biyu da wuƙa don ta kai ta ƙarshen wata.

Asali ba haka riƙon kaka yake ba. Da can yaye ake kai mata, ko ɗan fari saboda kunyar iyaye, ko a ba ta yarinya ta riƙa ɗebe mata kewa tana yi mata aike, hatsi kuma yana zuwa daga rumbun uban yaro. Malamanmu na Malikiyya sun faɗa ƙarara: riƙon yaro na uwa ne, in ta yi wani aure ya koma hannun kakarsa ta wajen uwa, ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba. Rabin farko na hukuncin nan mun haddace shi kamar Fatiha. Rabi na biyun ne kullum yake shige mana duhu. Ko auren zawarawan da gwamnati ta fara a 2012, ana ba amarya gado da katifa da jari, amma kowa ya san ɗakin da 'ya'yan auren fari suke komawa. In yaron ya taso da rashin ji kuma mu taɓe baki mu ce ai goyon kaka ne, kamar ita ta roƙa.

Da na mayar da zancen teburin shayi, wani ɗan boko a cikinmu ya ce ai akwai hukuma. Gaskiyarsa. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, ta fara aiki a Abuja a 2021. A nan Kano akwai hukumar taimakekeniyar lafiya, akwai Hukumar Zakka da Hubusi, akwai gidan gajiyayyu a Shahuci, wanda a bakinmu sunansa ma zagi ne. Baba mai gadi ya ce, "To ɗana, a cikinsu wacce ce ke zuwa ta karɓi mai jinya ta samu ta yi barci?" Ɗan boko ya kurɓi shayi.

Su waɗancan da muke yi wa salati, ba duka suke kai iyaye ajiya ba. A Ingila wanda ke jinyar wani nasa awa 35 ko fiye a mako, in samunsa kaɗan ne, gwamnati tana ba shi alawus. Jamus ta kafa inshorar jinyar tsufa a 1995, Japan ta bi a 2000. Kada a ce sai Turawa: Afirka ta Kudu tana biyan talakan da ya kai shekara 60 kuɗi duk wata, kakar da ke riƙe da jika kuma tana karɓar tallafin yaron. Ko a nan gida jihar Ekiti ta taɓa gwadawa a 2011, naira dubu biyar a wata ga tsofaffi marasa galihu. Direba ya ce dubu biyar me za ta yi? Mai shayi ya ce, "Ita ce dai wadda kake turawa, Yaya."

Ni dai ban ce a gina mana gidan furanni a kai su Iya ba. Ba za su je ba, mu ma ba za mu iya haɗa ido da mutane ba. Abin da nake roƙo bai kai haka ba. Masu kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai, waɗanda ke raba shinkafa da azumi ana ɗaukar hoto, su ware wa ma'aikaci kwana kaɗan na jinya a shekara ba tare da yanka ba. Kwamitin masallacin unguwa, da ya san gidan kowa, ya rubuta sunan tsofaffin da ke riƙe da marayu kafin a fara rabon zakka, ya kuma aika a kira uban da ya ajiye 'ya'ya ya ɓace. Mun iya adashin biki da na Sallah, ban ga abin da zai hana mu adashin maganin tsofaffi ba.

Kai kuma mai karatu, in akwai mai jinya a gidanku, Lahadin nan da babu aiki kada ka tura komai ta waya. Ka je da kanka tun da hantsi, ka karɓi fo da cokali, ka ce mata, "Yaya, je ki yi kitso, ki biya gidan ƙawarki, kada ki dawo sai la'asar."